A Tambayi Tashar Mota Abin da Gari Ya Rasa

Shekarun baya idon mahaifina ya fara rauni. Babu wani ciwo, tsufa ne kawai. Sai ya miƙa takarda iyakar tsawon hannunsa kafin ya iya karanta ta, daga baya tsawon hannun ma ya gaza. Abin da yake bukata shi ne a auna idon a yanka masa tabarau, aikin da bai fi rabin sa'a ba. To amma a ƙaramin birnin da muke zaune a lokacin babu mai wannan sana'a, don haka muka yi sammako muka nufi babban birni. Muka jira mota ta cika, muka yi tafiyar sa'a uku, muka bi layi. Aka auna, aka ce mu dawo bayan mako guda mu karɓa. A hanyar komawa gida ya jingina kansa da tagar mota ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Yanzu duk wannan wahalar a kan gilashi biyu ne?"

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, saura zuwa ɗaya."

Ya ce, "Kai za ka koma. Ni kam na gama."

Ni ɗin na koma. A wannan zuwa na biyu, ina zaune a tasha ana jiran fasinja, na kasa kunne ina jin abin da ya fito da kowa. Wani bawan Allah na kusa da ni yana rungume da wani ƙarfe naɗe a tsumma, ya ce haƙorin injinsa ne ya cinye, kwana biyar ke nan bai yi aiki ba, zai kai wa mai sassaƙa ƙarfe ya yi masa irinsa. Wata mata tana riƙe da takardar likita ta ninke ta gida huɗu, an rubuta mata awon jinin da asibitin garin ba shi da na'urarsa. Wani saurayi zai je cike takardar jarrabawa ta intanet a kuma ɗauki hoton yatsunsa. A cikinmu babu wanda ya fito don shaƙatawa, kuma babu wanda bukatarsa ta kai ta cinye yini. Amma kowannenmu zai ba da yini guda cur, da kuɗin mota zuwa da dawowa, da kuɗin abin da zai sa a bakinsa a can, kuma abin da ya rage a aljihunsa a can zai kashe shi.

Tun daga ranar, in aka tambaye ni waɗanne sababbin sana'o'i da kayan more rayuwa ƙaramin birni ke bukata, amsata ɗaya ce: a je tasha da sanyin safiya a tambayi masu fita ina za su, kuma me za su yi. Duk abin da yake yawan fitar da mutane daga gari alhali ƙaramin abu ne, shi ne sana'ar da garin ya rasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yoyon ƙaramin birni ta tasha yake fita.

Na san ba haka aka saba amsawa ba. In ka tara mutane ka ce su faɗi abin da suke so a kawo musu, za ka ji katafaren kanti mai hawa-hawa, babban otal, ƙatuwar ƙofar shiga gari, shataletale mai feshin ruwa. Ban ga laifin mai wannan buri ba. Mutumin da ya girma yana jin ana kiran garinsu ƙauye, dole ya so wani abu da zai nuna wa baƙo ya ce ga namu. Wannan kishin gari ne, kuma abu ne mai kyau. Damuwata ita ce kuɗin ƙaramin birni kaɗan ne, na hukuma da na 'yan kasuwa duka, kuma in an zuba shi a abin kallo, matar nan mai takardar likita gobe ma tana tasha. Katafaren kanti kuwa, in mai shi a nesa yake kuma kayansa daga nesa suke zuwa, cinikin da aka yi a cikinsa da yamma ya bar gari kafin wayewar gari, abin da ya saura sai ɗan albashin masu tsaron kanta.

Kada kuma a ɗauka wannan magana ce ta 'yan tsiraru. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2018 ta nuna kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke zaune, kuma kusan rabin waɗannan a biranen da mutanensu ba su kai 500,000 ba. Manyan birane ne ke cika jaridu da talabijin, amma ɗimbin jama'a a ƙanana suke haihuwa, su yi ciwo, su nemi abinci, su tsufa.

Bari in fara da lafiya, domin nan ne tafiyar ta fi ciwo. Ƙaramin birni ba zai iya riƙe asibitin ƙwararru ba, kuma ba sai ya yi ba. Abin da zai iya riƙewa, kuma ya fi yawan bukata, shi ne wurin awo: ɗakin gwajin jini da fitsari mai na'urori masu aiki da ma'aikaci mai takardar shaida, wurin ɗaukar hoton ciki da na ƙashi, mai auna ido da yanka tabarau, likitan haƙori ko da na kwana biyu a mako. A 2021 wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya ƙiyasta cewa kashi 47 cikin 100 na mutanen duniya ba sa samun gwajin gano cuta, ko kuma kaɗan ƙwarai suke samu. Ka yi tunanin abin da wannan ke nufi a ɗakin likita. Mara lafiya ya zo da zazzaɓi, likita ya san abu uku ko huɗu ne za su iya jawo shi, ya rubuta awo, mara lafiya ya lissafa kuɗin mota da yinin da zai rasa, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya biya kantin magani ya sayi abin da ya ji maƙwabci ya sha. Likita yana nan, magani yana nan, abin da zai haɗa su ne babu. Ɗakin awo ɗaya mai gaskiya yana ɗaga darajar duk likitocin garin a lokaci guda.

Tabarau kuwa an raina shi, alhali ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki matsalarsu mai rigakafi ce ko mai magani da ba a yi ba. Mafi yawan mutane in sun haura arba'in ganin kusa yana fara gagararsu. An yi wani gwaji a 2017 a jihar Assam ta Indiya, aka ba masu tsinkar ganyen shayi tabarau na karatu, aka ga abin da suke tsinkowa a rana ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin 100. To ka tuna da tela da ya daina ganin kafar allura, da mai gyaran waya, da malamin makaranta mai duba littattafan yara, da tsohuwar da ke karanta adadin ƙwayoyin da aka rubuta mata. Shago ɗaya, mutum ɗaya da ya koyi aikin, kujera ɗaya da allon haruffa, amma sana'o'i nawa zai mayar wa masu su?

Na biyu a wurina su ne masu gyara, kuma a nan zan daɗe, domin su ne aka fi mantawa da su in ana lissafin ci gaba. Gari yana tafiya ne a kan injuna: na ban ruwa, na niƙa, na ɗinki, firji, janareta, babur, waya, kwamfuta, na'urar sola. Kowane ɗaya wata rana zai tsaya. Abin tambaya shi ne, in ya tsaya, kwana nawa zai yi a tsaye? A babban birni sa'o'i ne. A ƙarami makonni ne, kuma sau da yawa abin da ya tsayar da shi bai fi girman yatsa ba. Mutumin nan mai ƙarfe a tsumma ba shi kaɗai ya yi asarar kwana biyar ba. Yaransa biyu na aiki sun yi, masu kawo masa aiki sun yi, mai sayar masa da mai ya yi. Da akwai shago ɗaya a garin mai injin sassaƙa ƙarfe da walda mai kyau da mai naɗa koyil, da kafin rana ta take injinsa ya tashi.

Saboda haka in ni ke da ɗan jari ina neman inda zan sa, ba zan buɗe shagon sayar da waya na ashirin a titi ɗaya ba. Zan duba irin injunan da suka fi yawa a garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi, in ajiye kayan gyaransu, in nemo ƙwararre ɗaya in ba shi kaso a ribar don ya zauna, in sa masa yara uku su koya. Wannan na ƙarshen shi ne ƙashin bayan abin. Ƙwararren da bai koyar ba, ranar da ya tafi ya tafi da sana'ar. Ƙasar Jamus ta daɗe da gane haka, matashi yana raba makonsa tsakanin makarantar sana'a da wurin aiki na shekara biyu zuwa uku da rabi, ya fito da takardar da kowa ya yarda da ita. Ba sai an kwafo tsarin duka ba. Ko hukumar gari ta rage wa duk shagon da ya yaye almajirai haraji, ta kuma ba yaran shaidar kammalawa, an yi wani abu.

Akwai kuma wata riba a gefe. A 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki, abin da aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A birnin Amsterdam na ƙasar Holan, wata 'yar jarida mai suna Martine Postma ta fara tara mutane a 2009, kowa ya zo da abinsa da ya lalace, masu hannu su zauna tare da shi a gyara, kuma abin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Masu kuɗi ke nan suna neman dawo da al'adar gyara da suka yar. Garin da har yanzu mutanensa ba sa jefar da abu sai ya gagara, bai kamata ya ji kunyar hakan ba. Kamata ya yi ya ba masu gyaransa rumfa mai kyau da wuta tsayayya.

Sai ɗakin sanyi. Kusan kowane ƙaramin birni kasuwa ce ta manoman da ke kewaye da shi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan kasuwa da la'asar ya ga yadda farashin kayan lambu ke faɗuwa tare da rana. Mai kaya ya san gobe sai zubarwa, mai saye ma ya sani, don haka mai saye ke yanka farashi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan kashi 14 cikin 100 na abincin duniya yana lalacewa tsakanin girbi da isa hannun mai sayarwa. A da, ɗakin sanyi sai inda lantarki ba ya yankewa. Yanzu kiɗa ya canza, domin farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a shekaru goman da suka biyo bayan 2010. Ɗaki ɗaya a bakin kasuwa, a riƙa biya a kan kowane kwando a kowane dare, ya isa ya ba manomi ikon cewa a'a, zan jira gobe. Wannan kalma guda, in manomi ya samu bakin faɗinta, ta fi masa tallafi da yawa. Kantin magani ma zai samu inda zai ajiye allurar da ba ta son zafi.

Nan ne za a ce mini, ai da akwai riba da tuni wani ya buɗe. Mutanen garin ba su da yawan da za su riƙe ɗakin awo ko mai tabarau. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba zan share ta ba. Akwai sana'o'in da lallai sai da yawan jama'a. Amma sau da yawa masu sayen suna nan, ba a ganinsu ne kawai domin sun watse cikin motocin safe, kowa ya kai kuɗinsa wani gari. Babu wanda ya taɓa ƙirga su. Mai jari yana kallon titi ya ga babu kowa, bai san kasuwarsa ta wuce shi tun kafin ya buɗe shago ba. Ga kuma mutanen ƙauyuka, waɗanda ke ratsa ƙaramin birnin su wuce babba. In sun samu biyan bukata a rabin hanya, ba za su ƙarasa ba.

Inda kuma kasuwar ta yi kaɗan da gaske, akwai dabaru. Ƙwararre zai iya zagaya garuruwa uku ko huɗu, kowanne da ranarsa sananniya, muddin akwai ɗaki da kayan aiki suna jiransa. Sana'o'i biyu ko uku za su iya raba haya da wuta a gini ɗaya. Masu bukata za su iya haɗa jari da kansu, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1844 mutum 28, yawancinsu masaƙa da masu sana'ar hannu a garin Rochdale na Ingila, suka tara fam 28 suka buɗe ɗan shago nasu, ribar ta riƙa komawa ga mambobi gwargwadon sayayyar kowa. Ƙa'idojin da suka shimfiɗa su ne ƙungiyoyin gama-kai na duniya ke bi har yau. Manoma hamsin da za su mallaki ɗakin sanyi tare ba baƙon abu za su yi ba.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta birnin Preston, shi ma a Ingila, mai mutane kimanin 140,000 a ƙidayar 2011. Wajen 2013, bayan wani babban shirin gina kantuna da suka daɗe suna jira ya rushe, majalisar birnin ta zauna da manyan ma'aikatun da ba za su taɓa barin garin ba, irin su kwalejoji da 'yan sanda da hukumar gidaje, suka duba ina kuɗin sayayyarsu ke tafiya. Suka tarar kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai ke tsayawa a birnin. Suka fara rarraba manyan kwangiloli zuwa ƙanana yadda ƙaramin kamfani zai iya nema. Cikin shekara huɗu abin da suke kashewa a cikin Preston ya ninka kusan sau uku. Ba su jira mai ceto daga waje ba, kuɗin da ke hannu suka juya masa akala. Kowane ƙaramin birni yana da makarantu da asibiti da ofisoshi masu sayen kujeru, kayan sawa na ma'aikata, takardu, abinci, gyaran motoci. In waɗannan suka yi alkawarin saye a gida matuƙar kaya sun yi kyau kuma farashi ya yi daidai, kafinta da tela da mai ɗab'i sun samu abin da za su nuna wa banki.

Yanzu in juya ga abin da ya rataya a wuyan hukuma, domin akwai abubuwan da ɗan kasuwa ba zai yi ba. Zan fara da wanda ake jin nauyin faɗa: banɗaki. Kasuwa ko tasha ko filin taro da babu makewayi mai tsabta da ruwa, an kori rabin jama'a daga wurin ba tare da an furta ba. Mace mai sayar da kaya takan ƙi shan ruwa tun safe don kada ta matsu. Mai juna biyu, tsoho, mai ciwon sukari, uwa mai goyo, duk suna auna nisan da za su yi da gida da wannan ma'auni. A Indiya, Bindeshwar Pathak ya kafa ƙungiyar Sulabh a 1970, kuma daga 1974 a birnin Patna suka fara banɗakunan jama'a da ake biyan ɗan abu kaɗan a shiga, kuɗin ya biya mai shara da ruwa da sabulu. Darasin da ke ciki shi ne ginin ba shi ne wahala ba. Mutumin da zai tsaya a wurin kullum da tsintsiya da bokiti, a kuma biya shi a kan lokaci, shi ne banɗakin.

Fitilun titi ma haka. Garin da ya yi duhu da faɗuwar rana ya rasa sa'o'i huɗu na ciniki da zumunci a kowace rana, mata da 'yan mata kuwa sun rasa fiye da haka. A 2016 an yi gwaji a rukunin gidajen gwamnati na birnin New York, aka ƙara fitilu a wasu aka bar wasu, manyan laifuffukan da ake yi a waje da dare suka ragu da kimanin kashi 36 cikin 100 inda aka haska. Sai dai a haska lungunan da mutane ke bi da ƙafa, da bakin makaranta da asibiti da tasha, kafin a jera fitilu a titin da manya ke wucewa.

Tunda na ambaci ƙafa: babbar falalar ƙaramin birni ita ce kusan ko'ina ana iya zuwa a ƙasa, kuma ita ce aka fi saurin zubarwa wajen kwaikwayon manyan birane. A Pontevedra, wani birni mai mutane kimanin 80,000 a arewa maso yammacin Sifaniya, wani likita, Miguel Anxo Fernández Lores, ya zama magajin gari a 1999. Ya hana yawancin motoci shiga tsakiyar gari, aka faɗaɗa hanyoyin masu tafiya a ƙasa, a 2010 aka ƙayyade gudu zuwa kilomita 30 a sa'a. Bayan 2011 sun shafe kusan shekara goma ba a rasa rai a haɗarin mota a titunan birnin ba, ga yara suna tafiya makaranta da kansu. Ban ce kowane gari ya kori motoci ba. Amma gefen titi mai faɗi da babu rami, da itatuwan inuwa, da benci a kowane ɗan nisa don tsoho ya huta, duk ba su kai kuɗin gadar sama ɗaya ba.

Matasa za su ce na manta da su, duk maganata ciwo da gyara da banɗaki. Suna da gaskiya su yi ƙorafi. Mutum ba ya zama a gari don kawai injinsa na aiki, yana so in yamma ta yi ya samu inda za shi. Filin wasa mai fitila, wurin zama da iyali za su iya zuwa ba tare da an tilasta musu sayen komai ba, zauren da za a yi wasan kwaikwayo yau, gobe taron ƙungiya, jibi kallon ƙwallo. Rashin waɗannan shi ma yana cika mota, sai dai masu wannan tafiyar ba sa dawowa da yamma. Haka kuma gidan renon yara mai aminci kusa da kasuwa da ofisoshi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a 2018 mata miliyan 606 ne aikin kula da gida da yara ya hana su neman aikin samun kuɗi, maza kuwa miliyan 41. Sana'a ce da kanta, kuma tana buɗe ƙofar wasu sana'o'in.

Amma in aka ce in zaɓi gini ɗaya tak, ɗakin karatu zan zaɓa, irin wanda ke da wuta da intanet mai ƙarfi da injin buga takarda da tebura, yana buɗe har dare. Saurayin nan na tasha a nan zai cike takardarsa. Ɗalibar da gidansu ya cika da hayaniya a nan za ta yi bita. Mai aikin da ake yi daga nesa ta kwamfuta zai iya zama a garinsu yana karɓar albashin wani wuri yana kashewa a nan. Kuma shi ne kusan wuri ɗaya da talaka da mai hali ke shiga ta ƙofa ɗaya ba a tambayi aljihun kowa ba.

Tarihin ɗakunan karatu ya ƙunshi wani darasi da nake so duk mai shirin gina wani abu ya riƙe. Attajirin nan Andrew Carnegie ya ba da kuɗin gina ɗakunan karatu fiye da 2,500 tsakanin 1883 da 1929, yawancinsu a Amurka da Birtaniya, da yawa a ƙananan garuruwa. Amma ba ya bayarwa haka kawai. Sai garin ya kawo fili, ya yarda kowa zai shiga kyauta, ya kuma ɗauki alkawarin ware kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin a kowace shekara don tafiyar da shi. Garin da bai yarda ba, ba a gina masa. Ya san tun ran gini ran zane. Ka kwatanta wannan da famfunan tuƙa-tuƙa da aka haƙa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, inda bincike ya nuna kusan ɗaya cikin kowane huɗu ba ya aiki a kowane lokaci. An samu kuɗin haƙawa, an yi bikin buɗewa, ba a tanadi wanda zai canza roba in ta cinye ba. Abin yana ci mini rai, domin mataccen famfo ya fi rashinsa muni. Ya cinye kuɗin, ya kuma koya wa mutane cewa kayan hukuma ba sa daɗewa, gobe in an zo da wani shiri sai su taɓe baki.

Shi ya sa nake roƙon duk majalisar gari, kafin ta sa hannu a kan kowane sabon aiki, a rubuta a takarda ɗaya sunan muƙamin wanda zai kula da shi, da inda albashinsa zai fito, da inda za a sayo kayan gyaransa, da nawa za a ware kowace shekara. In ba a iya cike wannan takarda ba, a dakata. Kuma ka lura yadda maganar ta koma kan masu gyara: fitilar sola tana bukatar mai canza batir, ɗakin awo yana bukatar mai duba na'ura, ɗakin sanyi yana bukatar mai gyaran firji. In babu su a garin, kowane sabon abu da aka kawo ƙarin dalili ne na zuwa tasha.

Aikin farko ba ya bukatar kwangila. A samu ɗalibai huɗu ko biyar, a ba kowanne littafi da biro, su zauna a tashoshin garin daga asuba zuwa hantsi na mako biyu. Kada su tambayi sunan kowa. Su ce, "Baba, sannu da fitowa, me za a je yi?" "Inna, wannan zuwa na nawa ke nan a kan wannan bukatar?" "Da akwai shi a nan, da za ki tsaya?" A tattara amsoshin a jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, a manna a ƙofar majalisa da bakin kasuwa, a kai kwafi bankuna da makarantun koyon sana'a, a aika wa 'yan garin da ke zaune a wasu wurare suna neman abin da za su yi wa gida.

Tabarau ɗin mahaifina ya yi masa shekara biyu kafin hannu ɗaya na tabarau ɗin ya karye a mahaɗa. Ɗan ƙaramin noti ne ya fita, wanda ba a samu irinsa a duk garin ba. Na ce ya kawo in kai a gyara in na samu zuwa. Ya hana ni, ya ce ba zan ɓata yini a kan noti ba. Ya sa aka ɗaure masa da baƙin zare, ya ci gaba da karatunsa a haka, gilashin ya ɗan karkace gefe ɗaya, yana tallafe shi da yatsa.